Fasinjojin Baba

"Baba, ka gama?"

Auta ta sake ƙwanƙwasa ƙofar banɗakin. Ba a amsa ba. Ta kara kunne, ba ta ji komai ba sai ɗigar famfo.

"Ke dai Allah ya shirye ki," in ji Mama daga kicin. "Ki bar bawan Allah ya yi abinsa cikin mutunci mana. Sai ka ce jarrabawa."

"Ai jarrabawar ce, Mama. Gwaji za a yi."

Can sai ƙofar ta buɗe kaɗan, hannun Baba ya fito riƙe da 'yar ƙaramar kwalbar asibiti, an naɗe ta da takarda. Auta ta miƙa hannu, amma Mama ta riga ta. Ta fizge kwalbar da 'yan yatsu biyu, ta jefa a leda, ta ɗaure, ta sake jefawa a wata ledar.

"Ba za ku ratsa min unguwa da wannan abin a hannu ba," in ji ta. "Bari in samo masa suturar da ta dace."

Baba direban babbar bas ne, ko kuwa a ce da can shi direba ne. A kan sitiyari gashinsa ya yi fari. Bara aka gwada idonsa a kamfani, aka ce ya ajiye makulli, aka tafa masa, aka ba shi agogon bango. Agogon na nan a kwalinsa a ƙarƙashin gado. Mutumin da in yana ba da labari a tsakar gida maƙwabta ke rage muryar rediyonsu, yanzu sai ya wuni a ɗaki yana kallon bango. Ya daina aski. Ya daina cinye abincinsa. Abin da ya fi tayar wa Auta hankali shi ne ya daina yi wa kowa faɗa. Har ƙofar firij ta bari a buɗe da gangan a gabansa, ya kalla, ya kau da kai.

Mama ta ce hutu yake yi. Yaya, babban wansu mai aikin ofis, ya ce tsufa ne, kowa ma can za shi. A gidansu, ciwon da ba ya kumbura, ba ya zubar da jini, ba ya kawo zazzaɓi, ba a lissafa shi cikin ciwo. Mutum zai iya narkewa a kan kujera a gabansu, su ce ai ya samu natsuwa.

Auta malamar kimiyya ce a sakandare, kuma ba ta iya ganin abu ta yi shiru ba. Ranar da ta tara su a falo ta ce Baba ciwon damuwa ke damunsa, a kai shi asibiti, Mama ta yi salati, Yaya ya ce boko ya yi mata yawa. Baba kuwa ya ɗago kai ya ce, "Ni za ki kai wa likitan mahaukata?" Ya tashi ya rufe ƙofa. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi a watan.

Bayan nan ne ta ci karo da wani bayani a wayarta, cewa masu bincike na ganin akwai alaƙa tsakanin ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanjin mutum da damuwar da ke kama zuciyarsa. Ta karanta rabi, ta tashi ta nufi kasuwa. Daga ranar Baba ya shiga hannu. Kabeji da safe, wake da rana, yogot kafin ya kwanta, washegari a sake daga farko. Damuwar ba ta motsa ba, amma cikin ya motsa. Ya kumbura, ya yi ta ƙugi, har Mama ta koma bin tagogi tana buɗewa ba tare da ta ce wa kowa komai ba. Sai ga abin da lacca ta kasa yi, kabeji ya yi: Baba da bakinsa ya ce a kai shi asibiti. Ciwon ciki ai ciwo ne na mutunci, ana iya faɗarsa a gaban surukai.

Auta ta san in wannan damar ta wuce, ba za ta sake fitar da shi daga ɗakin nan ba.

Mama ta dawo da jar kular abinci, ta saka ledar a ciki, ta murɗe murfin, ta ajiye a kan teburin kicin. "To, yanzu duk wanda ya gan ku zai ce dubiya za ku je."

Yaya ya shigo a gurguje yana ɗaura agogo, ya gaida Baba ta bakin ƙofa, ya dubi Auta. "Malama, yau kuma ina za a kai shi? Ko an gama da kabejin, saura ciyawa?"

"Kai dai ka tafi ka zauna a ƙarƙashin fanka. Abin da ka iya ke nan."

Ya yi dariya, ya shiga kicin ya ɗauki abincinsa na rana, ya fice.

A bas suka samu kujera ta biyu bayan direba. Baba ya ɗora kular a cinya ya riƙe da hannu biyu. Rigar da a da ke matse shi yanzu tana yawo a jikinsa. Suka wuce gidan mai, suka wuce shagunan masu gyaran waya. Sai da suka tsaya a danja ya yi magana, idonsa a kan murfin kular.

"Wai me za su gani a ciki?"

Auta ta gyara zama. Tambaya irin wannan take jira tun bara. "Baba, a cikin hanjinka akwai ƙananan halittu, ido ba ya ganinsu. Sun fi mutanen duniya yawa."

"A cikina ni kaɗai?"

"Kai kaɗai. In ka ci su ci. In sun ji daɗi, su aika wa ƙwaƙwalwa saƙo. In ransu ya ɓaci ma su aika. Duk inda ka je kana tafe da su."

Baba ya daɗe yana juya maganar. Ya sunkuya ya dubi cikinsa.

"Wato fasinjoji ne."

"To, ba daidai haka ba ne a kimiyyance, amma..."

"An karɓe min mota, ashe ban sauke fasinja ba." Ya waiga, ya rage murya. "Ki daina ɗaga murya, kada kwandasta ya ji ya ce sai mun biya musu."

Auta ta kalle shi baki buɗe. Kafin ta samu abin cewa, bas ɗin ta afka wani rami, kowa ya yi sama ya dawo. Wata mata ta yi ƙara, jakar wani ta zube. Baba ya rungume kular a ƙirji.

"Kai direba!" Muryar ta fito da tsatsa, amma tsohuwar muryar ce. "Mutane ka ɗauko ko buhunan siminti? Ana ganin rami tun daga nesa, a sassauta, a ba shi gefe! Wa ya koya maka mota?"

"Faɗa masa, Baba!" in ji matar da ta yi ƙara.

Direban ya kalle shi ta madubi ya ce a yi haƙuri. Baba ya ci gaba da gunguni a kan yadda yaran yanzu ke cin kulocin mota kamar da gayya. Auta ta juya fuska wajen taga don kada ya ga murmushinta. A ranta ta ce, kabeji ya fara aiki.

Ɗakin gwaji na can bayan asibitin, kusa da inda ake shanya zannuwan gado. Layi ne mai tsawo, kowa riƙe da tasa 'yar kwalbar yana ɓoyewa a cikin hannun riga, ba mai kallon idon wani. Da layi ya zo kansu, matar da ke karɓa ta leƙo ta 'yar taga, hancinta rufe da takunkumi. Ta dubi kular, ta dubi Baba.

"Duk wannan?"

"A'a, yana ciki," in ji Auta.

Ta ɗauke numfashi, ta kau da fuska, ta murɗe murfin. Sai ƙamshin soyayyar albasa ya cika barandar. Mutanen layi suka ɗago kai. Shinkafa ce da ƙwai biyu a kai, tana tururi, ga cokali a naɗe a gefe.

Mai gwajin ta sauke takunkuminta, ta leƙa sosai. "Malama, wannan ai bai shiga ba tukuna, balle ya fito."

Layin ya fashe da dariya. Auta ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta zaro waya ta kira Mama.

"Mama, wace kula Yaya ya ɗauka?"

"Tasa mana, ja... Au. Ai dukansu ja ne, tare na saye su. Innalillahi."

Ta kira Yaya. Wayar ta yi ta ringin har ta katse. Ta sake kira, ya kashe, alamar yana taro. Ta rubuta masa saƙo da manyan baƙaƙe cewa kome yunwar da yake ji kada ya buɗe kular nan, musamman a gaban mutane.

"In kuna so in ba ku wata kwalbar," in ji mai gwajin. "Banɗaki na can."

"Ni ba famfo ba ne," in ji Baba.

Ya rufe kular a hankali. Auta na kallo kafaɗunsa suka sake faɗuwa, fuskar ta koma irin ta ɗaki. Dariyar mutane ta shige shi. "Shi ke nan," ya ce. "Mu koma gida."

"Baba, ai saura ganin likita."

"Da me za a gan shi? Na ce mu koma."

Ya kama hanyar get. Auta ta bi shi tana zuba bayani, cewa bincike ya nuna kaza, cewa sakaci ne ke kashe mutane, cewa a gidansu an mayar da shiru magani. Ko waiwayowa bai yi ba. Har sun kusa masu sayar da lemo a bakin get, bayaninta ya ƙare. Ta tsaya cak.

"Baba, a duk shekarun da ka yi kana tuƙi, ka taɓa kawo fasinja bakin tasha ka juya da su ba ka sauke ba?"

Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, bayansa gare ta.

"Ban taɓa ba," ya ce. Ya juyo. "Ina ɗakin likitan?"

Likitar mace ce mai ɗan furfura a goshi, da tabarau a rataye a wuya. Ɗakin ƙarami ne, da ma'aunin nauyi a lungu da fanka mai kaɗa kai kamar ba ta yarda da abin da ake faɗa ba. Kafin Baba ya gama zama, Auta ta fara. Ta yi bayanin hanji, ta yi na ƙwaƙwalwa, ta yi na jijiyar da ta haɗa su, ta tura wa likitar waya har bakin hanci. Ta ce so take a gwada ƙwayoyin, a gano waɗanda suka ɓata, a mayar da su.

Likitar ta bar ta ta sauke duka. "Kin yi karatu, ba laifi. Gaskiya ne ana wannan binciken, kuma alaƙar na nan. Amma har yanzu ba a gama sanin wa ke jan wa ba, cikin ne ke ɓata rai ko ran ne ke ɓata ciki. Mu nan ba mu da gwajin da zai duba bayan gida ya faɗa mana halin zuciya. Me kike ba shi?"

Auta ta faɗa.

"Kullum?"

"Safe da rana da dare."

Likitar ta dubi Baba da tausayi. "Sannu, Baba. Ka yi haƙuri da mu 'ya'yan zamani." Ta danna cikinsa nan da can, ta ce iska ce, a sassauta kabejin. "To ban da kumburin, me ke damunka?"

"Ni ba abin da ke damuna," in ji Baba da sauri. "Fasinjoji na kawo."

"Ƙwayoyin yake nufi," in ji Auta. "Direba ne da. Ai na gaya masa ba haka..."

Likitar ta ɗaga mata hannu ba tare da ta kalle ta ba. Ta ajiye biro, ta juyo da kujerarta sosai wajen Baba.

"To, direba. Yaya fasinjojin suke? Suna cin abinci?"

"Ba sa so. Komai aka ba su, ɗanɗanonsa ɗaya."

"Barci fa?"

Baba ya gyara kular a cinyarsa. "Tun kafin gari ya waye suke tashi, lokacin da muke tayar da mota a da. Su shirya tsaf. Sai su tuna ba inda za a je. Su zauna." Ya shafa gemunsa da ya yi buzu-buzu. "In yara na hira a falo, su ji kamar su fito, sai su ce me za su faɗa? Wanda bai je ko'ina ba ai ba shi da labari."

Auta ta buɗe baki. Sunan ciwon na kan harshenta, da alamominsa a jere kamar yadda take jera wa ɗalibai a allo. Ta dubi hannun Baba, ta ga yadda ya ƙanƙame murfin kular. Ta rufe bakin.

"Sun taɓa cewa gara ma tafiyar ta ƙare?" in ji likitar, muryarta ƙasa-ƙasa.

Fankar ta kaɗa kai ta dawo.

"Wani lokaci sukan ce da motar za ta mutu a hanya, da kowa ya huta da ɗawainiya," in ji Baba. "Faɗa kawai suke yi. Ban taɓa ba su sitiyari ba."

"Madalla da ba ka ba su ba. Kuma na gode da ka gaya min."

Auta ta sunkuyar da kai. Watanni tana yi wa gidan ihu cewa ba sa gani, ita ma ashe ba ta ga rabinsa ba. Tana can tana yanka kabeji.

"Baba, akwai abokin aikina a ƙarshen barandar nan," in ji likitar. "Irin waɗannan fasinjojin ne aikinsa. Zai zauna da kai ku yi magana, in da buƙatar magani ya ba ka. Ana samun sauƙi, na ga da yawa. Ina so ka gan shi yau, kafin ka tafi."

Baba ya ƙanƙance ido. "Me aka rubuta a ƙofarsa?"

Auta ta yi wa likitar ƙifce da ido, ta girgiza kai, ta yi duk alamar da ta iya. Likitar ba ta ko kalle ta ba.

"An rubuta lafiyar ƙwaƙwalwa."

Auta ta fara tattara jakarta, don ta san abin da zai biyo baya. Baba ya dubi likitar, ya dubi ƙofa, ya dubi cikinsa.

"Kamfani da kansa ya ce idona ba ya gani," ya ce a ƙarshe. "Da takarda da hatimi. Ni ba na iya karanta rubutun ƙofa."

Ya miƙe, ya ɗauki kularsa.

A ƙarshen barandar akwai dogon benci da tukunyar fulawa da ta bushe. Mutum ɗaya ne a ciki, aka ce su jira. Suka zauna. Auta ta rasa inda za ta sa idonta. Can sai ta ji ana murɗe murfi. Baba ya warware cokalin, ya ɗebi shinkafar Yaya ya kai baki. Ya tauna, ya sake ɗiba. Ya raba ƙwai ɗaya ya miƙa mata rabi.

"Babu kabeji a ciki," ya ce. "Uwarki na son wannan yaron."

Sai da kular ta yi rabi ya ajiye cokalin.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Ba fasinjojin kaɗai ba ne. Direban ma ba shi da lafiya."

Bayanai da yawa suka taso mata, duk masu kyau, duk daidai. Ta haɗiye su tare da ƙwan.

"Na ji, Baba," ta ce.

Wayarta ta ɗauki ƙara. Yaya ne. Tana dannawa muryarsa ta fito har mai shara a can nesa ta waiwayo.

"Ke Auta! Wane irin wulaƙanci ne wannan? Sai da na ce wa shugabanmu bismillah, ya jawo kujera, na kwance leda ta farko, na kwance ta biyu..."

"Ai na turo maka saƙo!"

"Yanzu na gani! Yanzu!"

Baba ya miƙo hannu, ta ba shi wayar. Ya kara a kunne, ya gyara murya.

"Kai, rage ihu, a asibiti muke. Ka rufe su da kyau, ka ajiye a inuwa. Fasinjojina ne, amana na ba ka." Ya saurara kaɗan. "A'a, abincinka ya yi daɗi. Gishiri ne dai ya ɗan yi kaɗan."

Ya kashe wayar. Kafaɗunsa suka fara girgiza, dariya na fita ta hanci, har sai da ya goge ido da hannun riga.

Ƙofar ta buɗe, wata ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce saura su. Auta ta zabura ta miƙe, ta rataya jaka, ta fara shirya a ranta inda za ta soma bayani. Baba ya ɗora mata kular a hannu.

"Zauna ki cinye," ya ce. "Wannan tafiyar ba a zuwa da kwandasta."

Ya gyara wuyan rigarsa, ya yi sallama, ya shiga. Auta ta koma kan bencin, ta ɗauki cokalin.